Kafin a kira mace juya, a duba jinin maigida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari na lafiyar maza wanda na daɗe ina ganin illar rashin saninsa. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibiti, aikina auna jini da sauran abubuwan da likita ya aiko da su, kuma shekarun da na yi a bakin wannan aiki sun nuna mini cewa idan aure ya yi shekara biyu ko uku babu ƙaruwa, matar ake fara turowa, ita ake sake turowa, maigida kuwa sai can a ƙarshe, in ma ya yarda ya zo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da wani magidanci ya yi mini, wanda ba zan ambaci sunansa ko garinsu ba. Mutum ne dogo, mai dogayen ƙafafu, gemunsa bai wuce 'yan tsiraru a haɓa ba duk da ya haura shekara talatin, ga shi da kunya da ladabi. Ya rabu da matarsa ta fari bayan danginsa sun ishe ta da gori, ta je ta yi wani aure ta haihu. Ta biyun ma an yi mata duk gwajin da ake yi wa mace ba a ga komai ba, sannan ne ya amince a duba shi. Ba a sami ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa ba. A jininsa kuwa, sinadarin maza da ake kira testosteron ya yi ƙasa, wasu sinadarai biyu masu suna LH da FSH kuma sun yi sama ƙwarai. Da ya dubi takardar ya ga lambobin da suka zarce iyaka, sai ya ce da ni: "Malam, ai na ga nawa ma ya fi na mutane yawa, to me ya hana haihuwar?" Na gaya masa cewa bayanin sakamako hurumin likita ne, likitan kuma ya tura shi gwajin ƙidayar kuromosom, wanda ya nuna yana da 47 maimakon 46. Tambayar tasa ta zauna mini a rai, domin duk wanda ya san amsarta ya fahimci wannan lalura da ake kira Klinefelter, kuma da mutanenmu sun san ta, da an rage asarar kuɗi da hawayen mata masu yawa.

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da ƙunshin gado guda 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ne na jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Wani lokaci, sa'ad da ƙwan uwa ko ƙwayar uba ke samuwa a jikin mai shi, sai kuromosom biyu da ya kamata su rabu su tafi tare, a haifi yaro da X biyu da Y ɗaya, abin da likitoci ke rubutawa 47,XXY. Kusan rabin lokuta ƙarin daga wajen uwa yake zuwa, rabi daga wajen uba, kuma babu wani abu da ɗayansu ya ci ko ya aikata da ya jawo shi. Ba ya bin zuriya kamar sikila, kuma gwajin jinotaif da muka saba da shi, mai nuna AA ko AS ko SS, ba ya ganin sa ko kaɗan, saboda haka wanda ya tsallake gwajin kafin aure irin wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta bai san komai ba tukuna game da adadin kuromosom ɗinsa. Tun da Y yana nan, yaron namiji ne, da halittar namiji ake haihuwar sa, kuma kuskure ne babba a haɗa shi da mata-maza. Ana samun wannan lalura a kusan ɗaya cikin kowane maza 660, wato a gari mai maza 660,000 ana sa ran mutum dubu. Wani bincike da aka buga a 2003 daga ƙasar Danmak, inda ake da cikakkiyar rajistar marasa lafiya, ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ake ganowa a tsawon rayuwarsu, waɗanda ake ganowa kafin balaga kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Idan haka abin yake a ƙasar da asibiti ke ƙofar kowa, mai karatu zai iya ƙiyasta yadda yake a wurinmu.

Kafin in amsa tambayar magidancin nan, dole in bayyana yadda ƙwaƙwalwa da 'ya'yan maraina suke aike da amsa a tsakaninsu a jikin kowane namiji. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani yanki da ake kira haifotalamus, a ƙarƙashinsa kuma wata 'yar tsoka ce rataye wadda girmanta bai wuce ƙwayar gujiya ba, sunanta fituwitari. Haifotalamus yana aika wa fituwitari wani sinadari mai suna GnRH ta wasu gajerun hanyoyin jini, kuma ɗigo-ɗigo yake aika shi, kusan duk bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu a jikin baligi. Tazarar nan tana da muhimmanci sosai, domin Ernst Knobil da abokan aikinsa sun nuna a 1978, a gwajin da suka yi da birai, cewa idan saƙon ya zama kwarara ba yankewa, fituwitari daina amsawa take yi. Duk lokacin da ɗigon ya iso, sai fituwitari ta saki 'yan aikenta biyu cikin jini, LH da FSH, su gangara har 'ya'yan maraina. A can kowanne da wurin zuwansa. LH yana zuwa wajen wasu ƙwayoyi da ke zaune a tsakanin siraran bututun da ake yin ƙwayoyin haihuwa, waɗanda ake kira da sunan Bajamushe Franz Leydig da ya bayyana su a 1850, ya umarce su su yi testosteron. FSH kuma yana zuwa wajen ƙwayoyin da ke jere a cikin bututun, masu sunan Enrico Sertoli ɗan Italiya da ya bayyana su a 1865, waɗanda su ne masu renon ƙwayar haihuwa tun tana ɗanya har ta ƙosa, aikin da ke cin kwana 74 ko kusa da haka.

Aike ba ya cika sai da amsa, kuma amsar ita ce zuciyar wannan magana. Testosteron ɗin da aka yi yana zagayawa cikin jini ya koma ƙwaƙwalwa, wani kaso nasa kuma jiki yana juya shi, musamman a cikin kitse, zuwa estiradiyol, wanda aka fi sani da sinadarin mata alhali namiji ma yana buƙatar nasa daidai gwargwado. Su biyun idan suka isa haifotalamus da fituwitari, saƙonsu shi ne abin ya wadata, a rage aike. Ƙwayoyin Sertoli su ma suna da tasu amsar ta dabam, wani sinadari mai suna inhibin B, wanda da FSH kaɗai yake magana: idan renon ƙwayoyin haihuwa yana tafiya daidai, inhibin B zai yi yawa, fituwitari ta rage FSH. Misalin da nake bai wa ɗalibai masu zuwa koyon aiki wurinmu shi ne na maigidan da ke zaune a birni yana da gandu a ƙauye, da wakili a tsakani. Maigida ba ya ganin gonar da idonsa, abin da yake gani shi ne rumbu. Idan hatsi yana isowa rumbu yana cika, sai ya sassauta wa wakili, wakili ya rage tura 'yan aike. Idan rumbu ya yi ƙasa, sai ya matsa wa wakili, wakili ya ninka 'yan aike. To idan ƙasar gonar ce ta mutu fa? Maigida zai ci gaba da matsawa, wakili zai ci gaba da turawa, hanyar ƙauye ta cika da 'yan aike, rumbu kuwa yana nan wayam. Wanda ya tsaya a bakin hanya yana ƙirga 'yan aike zai zaci ana aiki tuƙuru, alhali yawansu shi ne shaidar cewa gona ba ta ba da komai. Lambobin da magidancin nan ya gani sun zarce iyaka ƙidayar 'yan aike ce.

Abin da ke sa lalurar ta ɓuya shi ne ba ta nuna kanta da wuri. A 'yan watannin farko bayan haihuwa wannan tsari na aike da amsa yakan farka na ɗan lokaci a jikin kowane jariri namiji, sannan ya kwanta har zuwa balaga, kuma a duk tsawon yarinta jinin yaro mai XXY yawanci ba ya bambanta sosai da na tsaransa. Balaga ma a kan lokacinta take fara masa, murya ta soma buɗewa, 'ya'yan maraina su ɗan ƙara girma, testosteron ya fara hawa. A tsakiyar balagar ne al'amari ke juyawa. Ƙwayoyin da ake yin iri da su, waɗanda dama sun fara raguwa tun yana ƙarami, sai su dinga mutuwa da sauri, bututun su ƙanƙance su zama tabo, ƙwayoyin Sertoli su yi rauni, inhibin B ya faɗi har na'ura ta kasa ganin sa a jinin da yawa daga cikinsu. Da birkin nan na inhibin B ya tafi, sai FSH ya yi sama ya zauna a can. Ƙwayoyin Leydig kuwa sukan ma ƙaru su yi cunkus saboda matsin LH, amma abin da suke fitarwa bai kai yawansu ba, don haka testosteron yakan tsaya a ƙasan iyakar kima ko ya gaza kai ta, LH kuma ya ci gaba da hawa. Matsin LH ɗin nan yana sa a yi estiradiyol fiye da yadda ya dace da ɗan testosteron da ake da shi, wannan rinjayen ne ke fito wa wasunsu da nono, abin da ke sa saurayi ya daina cire riga a gaban abokansa, ya daina zuwa filin ƙwallo, ba tare da ya gaya wa kowa dalili ba. Alamar da ta fi kowace tabbata ita ce ƙanƙantar 'ya'yan maraina da taurinsu. Likitoci suna auna su da wani abu mai kama da carbi, mai 'ya'ya 12 daga mililita 1 na ruwa zuwa 25, wanda likitan yara Andrea Prader na ƙasar Suwizalan ya fito da shi a 1966. Na baligi lafiyayye sukan kai 15 zuwa 25, na mai XXY kuwa sau da yawa ba sa wuce 4. Dubawar ba ta cin minti biyu, amma kunya, ta majiyyaci da ta ma'aikacin lafiya, tana sa a tsallake ta shekara da shekaru.

Waɗanda suka fara bayyana lalurar ma ta wannan hanyar suka gane ta, tun ba a iya ƙirga kuromosom ba. A 1942, a birnin Boston na Amurka, Harry Klinefelter tare da Edward Reifenstein da malaminsu Fuller Albright suka ba da bayanin maza tara masu nono, masu ƙananan 'ya'yan maraina, marasa ƙwayar haihuwa, waɗanda FSH ya yi yawa a fitsarinsu. Daga yawan FSH ɗin suka yi hasashen cewa lalle akwai wani sinadari na biyu, ban da testosteron, da 'ya'yan maraina ke aikawa don tsawata wa fituwitari, kuma shi ne ya ɓace a jikin mutanen nan. Sai a 1985 aka iya tace inhibin aka riƙe shi a hannu, fiye da shekara arba'in bayan hasashen nasu. Asalin lalurar kuwa sai a 1959 aka gano shi, lokacin da Patricia Jacobs da John Strong suka ƙirga kuromosom 47 a jikin wani majiyyaci a Edinbara ta ƙasar Sukotland, shekara uku kacal bayan an tabbatar cewa adadin na ɗan Adam 46 ne. Da sunan Klinefelter ake kiran lalurar har yau.

Amfanin sanin wannan tsari ya wuce lalura ɗaya, domin da shi likita ke gane inda matsalar namiji take. Maza uku za su iya zuwa da takarda iri ɗaya mai cewa babu ƙwayar haihuwa a maniyyi, amma ciwonsu uku ne mabambanta. Na farko 'ya'yan marainansa da girmansu, FSH ɗinsa daidai, wannan galibi gona na aiki, hanya ce ta toshe, kamar yadda ciwon sanyin da ba a yi maganinsa da kyau ba yakan haddasa. Na biyu testosteron ɗinsa ƙasa, LH da FSH ma ƙasa, wannan daga sama ne aike ya yanke, kuma shi ne wanda allurar da ke maye gurbin 'yan aiken take yi wa amfani ƙwarai, har da yawansu su haihu. Na uku shi ne mai testosteron ƙasa, LH da FSH sama. Shi ma ba lalle ne XXY ba, domin hangum da ya kama namiji bayan balaga ya sauka masa a maraina, ko marainan da ba su sauko ba tun yarinta, ko maganin ciwon daji, duk suna iya barin irin wannan sawu a jini, shi ya sa gwajin ƙidayar kuromosom ne ke yanke hukunci. Duk da haka, a cikin mazan da ba a samun ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsu, kusan ɗaya cikin goma masu XXY ne. Kuma ya kamata maza su san cewa fitar maniyyi ba hujja ba ce, domin mafi yawan ruwan daga wasu sassa yake zuwa waɗanda ba 'ya'yan maraina ba, ƙwayoyin haihuwa ɗan kaso ne ƙanƙane a cikinsa, ido ba ya bambance mai ƙwaya da marar ƙwaya. Namiji zai iya biya wa iyalinsa haƙƙin aure daidai, ya ga ruwa kamar na kowa, alhali babu iri a ciki. Wannan rashin sanin ne ke sa a bar jaki a doki taiki, a yi ta sakin mata ana auro wasu.

Daga nan mai karatu zai ga abin da ke damu na game da maganin ƙarfin maza da ake tallarsa da lasifika a kasuwanni da tashoshin mota, da kuma a rediyo da wayoyinmu. Mai talla yakan ɗora komai a kan basir ko sanyi ko dattin mara, ya yi alkawarin wanke su da tayar da jijiya. Ko da a ce maganin nasa yana zaburar da jiki, mai XXY ba zaburarwa ya rasa ba, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta kai maƙura wajen kira, ƙarin 'yan aike ba ya raya ƙasar da ta zama tabo. Akwai kuma masu shan taramol da kodin, wasu don aikin ƙarfi, wasu don jinkiri a shimfiɗa, ba su san cewa wannan dangin ƙwayoyi yana danne haifotalamus ya rage LH da testosteron ba. A jikin lafiyayye ma ɓarna ce, balle a jikin wanda ɗan abin da yake da shi bai ishe shi ba, kuma tana iya rikita sakamakon gwaji ta ɓatar da likita idan majiyyaci ya ɓoye masa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar testosteron da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Tunanin mai saye a fili yake: an ce sinadarin maza ya yi mini ƙasa, in na ƙara shi zan haihu. Mu koma ga maigida da gandunsa. Idan wani ya sayo hatsi a kasuwa ya cika rumbu, gida zai ci ya ƙoshi, amma maigida zai ga rumbu cike ya ce wa wakili ya dakatar da aike, ma'aikatan gona su watse, ɗan abin da gonar ke bayarwa ma ya tsaya. Haka testosteron na allura yake yi. Ƙwaƙwalwa ba ta bambance shi da na jiki, da ta gan shi a jini sai ta rage GnRH, fituwitari ta rage LH da FSH, ƙwayoyin Leydig su kwanta. Renon ƙwayar haihuwa kuwa yana buƙatar testosteron mai yawan gaske a cikin 'ya'yan marainan kansu, ninki gommai na wanda ke yawo a jini, kuma allura ba ta iya kai shi can da wannan yawa, sai wanda aka yi a wurin. Ƙarfin wannan tasiri ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar testosteron ta mako-mako a matsayin hanyar tazarar haihuwa ga maza lafiyayyu, kuma a sakamakon da aka buga a 1990 fiye da rabinsu ƙwayoyin haihuwarsu sun ɓace daga maniyyi ƙaf cikin 'yan watanni. Lafiyayye yakan farfaɗo bayan ya daina, ko da yake abin na iya ɗaukar watanni masu yawa. Shi kuwa mai XXY, wanda 'yan tsibiran bututu masu rai ne kawai suka rage masa, yana wasa ne da ɗan abin da ya saura, garin neman gira ya rasa ido. Saboda haka ne likitocin wannan fanni suke son a zauna a tattauna batun haihuwa kafin a fara maganin.

Kada a fahimce ni da cewa testosteron abin gudu ne ga masu wannan lalura. A hannun likita, ga wanda nasa ya gaza, magani ne mai sauya rayuwa. Ƙarancinsa na shekaru yana raunana ƙashi har ya zama mai saurin karyewa, yana rage tsoka, yana tara kitse a ciki, yana kawo kasala da raguwar sha'awa da mutuwar zuciya, kuma masu XXY sun fi sauran maza haɗarin ciwon suga da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Kitsen cikin ma da kansa yana ƙara dagula lissafi, tun da a cikinsa ake juya testosteron zuwa estiradiyol, don haka motsa jiki da kula da abinci wani ɓangare ne na maganin. Akwai allurar da ake yi duk bayan mako biyu ko uku, akwai mai dogon zango ta kusan wata uku, akwai kuma na shafawa kullum, wanda dole a kiyaye kada ya taɓa fatar mace ko yara. Ana bin mai shan maganin da gwajin kaurin jini, wanda muke kira PCV, domin testosteron yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, idan suka yi yawa kuma haɗari ne ga wanda dama jininsa ke da saurin daskarewa. Wani abin lura kuma shi ne, a jikin wasu masu XXY, LH ba ya saukowa daidai ko da testosteron ya koma kima, kamar wakilin da ya shekara yana ihu har ya saba, shi ya sa likitoci da dama ba sa ƙara yawan allura don kawai su ga LH ya faɗi, sai su dubi testosteron ɗin kansa da yadda majiyyaci yake ji a jikinsa. Mai kemis ba shi da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Batun haihuwa kuma ƙofarsa ba ta rufe kamar yadda take a da ba. Akwai waɗanda wasu ƙwayoyin jikinsu 46,XY ne wasu 47,XXY, irin waɗannan lalurarsu takan zo da sauƙi, wasunsu ma suna haihuwa ba tare da taimako ba. Ga sauran, tun da aka fito da dabarar cusa ƙwayar namiji guda ɗaya cikin ƙwan mace a ƙasar Beljiyam a 1992, sannan Peter Schlegel na Amurka ya bayyana a 1999 yadda ake buɗe ɗan maraina a ƙarƙashin madubin tiyata a nemo bututun da ke da sauran rai, ana samun ƙwayar haihuwa a jikin kusan huɗu zuwa biyar cikin goma na waɗanda aka yi wa aikin, kuma mafi yawan 'ya'yan da aka haifa ta haka adadin kuromosom ɗinsu daidai yake. Aiki ne mai tsada wanda ya fi ƙarfin talaka, ba kuma kowa ke dacewa ba, ba zan ɓoye wannan ba. Amma iri na mijin ne, ƙwai na matarsa ne, a cikin aurensu, abin da jumhurun malamai suka halatta. Wanda bai dace ba kuma, ko ba komai ya san gaskiyar jikinsa, ya huta da yawon gidajen masu magani, matarsa ta huta da zargi, su yanke shawarar zamansu a kan sani. Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, da suka ambaci wanda Allah Yake bai wa 'ya'ya mata, da wanda Yake bai wa maza, da wanda Yake haɗa wa, da wanda Yake barin sa ba haihuwa, ba su keɓe mace da wannan jarrabawa ba, mu ne muka keɓe ta.

Iyaye da malaman makaranta su ma suna da abin lura. Yaro mai XXY sau da yawa yakan yi jinkirin fara magana, karatu da rubutu su yi masa nauyi duk da hankalinsa lafiya lau, ya zama mai shiru da saurin gajiya, ƙafafunsa su yi tsawo fiye da na 'yan gidansu, saboda wata ƙwayar gado mai kula da tsawon ƙashi da yake da ita sau uku maimakon biyu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai, kuma ɗan kumburin nono a farkon balaga abu ne da samari da yawa ke yi ya baje da kansa. Amma idan saurayi ya kai shekara goma sha biyar ko sha shida, nonon bai baje ba, 'ya'yan marainansa ba su girma ba, hakkinsa ne a kan mahaifinsa ya kai shi likita, maimakon a bar shi da ba'ar tsara da sunayen banza da ake laƙaba wa irinsa.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta gayyato likitocin mafitsara da na sinadaran jiki daga asibitocin koyarwarmu su yi wa maza wannan bayani da Hausa, kuma ta dinga tantance tallan maganin maza kafin ta ba shi shafi. Magidancin da ya shekara da iyalinsa babu ciki, su je asibiti tare tun zuwan farko. Gwajin maniyyi ya fi kusan duk gwaje-gwajen da ake yi wa mace sauƙi da araha. Ana so ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai kafin ya bayar, kuma idan sakamakon bai yi kyau ba a maimaita kafin a yanke magana. Jinin testosteron kuwa da safe ake ɗibar sa, lokacin da ya fi yawa a jiki, kuma a roƙi likita ya haɗa da LH da FSH a takarda ɗaya, sannan majiyyaci ya faɗi duk wata allura ko ƙwaya ko jiƙo da yake sha, ko da kuwa yana jin nauyin faɗa.

Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti